Man Kaɗe a Cikin Dif

Ni da taubashina ba mu taɓa faɗa ba, kuma ba mu taɓa shiri ba. Mahaifiyata yayar mahaifinsa ce, wato ni ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka tun bai iya ɗaure tazuge ba yake ce mini bawan gidansu. Ni kuwa na girme shi da damina guda cur, kuma ni na koya masa hawan jaki, a gabana jakin ya watsar da shi cikin ƙaya. Kowa a dangi ya san abin da ke tsakaninmu: wa zai fara gaida wani. In muka haɗu a gidan suna sai kowa ya tsaya yana gyaran hula, yana jiran ɗan'uwansa ya buɗe baki, har tuwo ya huce. Akwai ranar da muka shiga mota ɗaya daga Malumfashi zuwa Funtua, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba wanda ya ce wa wani sannu, amma mun shanye rake guda tare.

Shi yana Funtua yana sayar da taki da maganin feshi, ya je Makka ya dawo ya ƙara faɗi, ana ce masa Alhaji. Ni ina Malumfashi. Na yi tuƙin tarakta da ƙuruciya, yanzu ina da injin niƙa da 'yar gona, kuma mutane na cewa ina da baki, abin da ban yarda ba.

Wata shekara, bayan an cire masara, wani mai kayan gwanjo ya kwance dila a Funtua, sai ga motocin rimot guda biyu iri ɗaya a cikin tarkace. Ba irin na yaran nan da ake saya ranar sallah ba, masu kukan jiniya su mutu kafin la'asar. Waɗannan tsawonsu ya kai kamu, tayoyi huɗu duk suna ja, ga shakazoba na gaske, in ka matsa totur sai ka ji kamar ana yaga sabon yadi. Alhaji ya sayi ɗaya, wai don jikoki. Da labari ya iso ni ban gama cin abinci ba na hau mashin na je na ɗauko ɗayar, ni ma don jikoki, ko da yake a lokacin ba ni da jika ko guda.

A cikin gari ba dama. Mutum da furfura a gemu ba zai tsaya bakin titi yana bin 'yar mota da ido ba, gobe wa zai kawo masa niƙa? Sai muka tuna da Baba. Baba abokin mahaifina ne, Bamaguje, gidansa na can cikin gonaki in ka saki kwalta tsakanin garuruwanmu biyu, manomi irin wanda dawar bana ke tarar da ta bara a rumbu. A bayan gidansa akwai masussuka mai faɗi, daɓaɓɓiya sumul, da rumbuna biyu a gefe. Ba wanda ya gayyaci wani, amma ran Lahadi da yamma sai ga mu duk mun iso, kowa da buhu a bayan mashin.

Baba ya zagaya motocin da sandarsa, ya ce, “To, 'ya'yan birni, wanne ne namijin?”

Alhaji ya ce, “Tawa, Baba. Waccan ta bawa ce.”

“Me suke ci?”

“Wuta.”

“Suna huɗa?”

“A'a.”

“Suna ɗaukar kaya?”

Muka sunkuya muna duba tayoyi.

Ya ce, “To ku yi. Amma duk wanda ya taɓa mini kaza, shi zai kwanta mata a kan ƙwai.”

Muka shata hanya. Ana tashi daga gindin ɗorawa, a miƙe sosai har babban rumbu, a zagaye shi, a bi tsakanin turame biyu da muka kifa, a zagaye ƙaramin rumbu, a dawo ɗorawa. A miƙe motocin nan ba su da na biyu. Amma da an zo kwana sai duk su nuna ciwo ɗaya. Motar za ta karkata, tayar ciki ta ɗan ɗaga sama, sai ka ga ita kaɗai take juyawa, tana kumbura kamar balan-balan, tana ihu, ta waje kuwa da ke ƙasa ta yi lakwas. Ƙara ta cika duniya, mota na rarrafe.

Ni da na gani na san dif ne, don na sha wannan wahala da tarakta a fadama.

Bari in faɗa wa wanda bai sani ba. Duk wanda ya taɓa bin shanun huɗa ya san abin da ke faruwa a ƙarshen kunya. In za a juyo, san da ke ciki kusan tsayawa yake, na waje kuwa sai ya yi doguwar tafiya yana sauri. In ka tilasta musu taku ɗaya, garma ba za ta juyo ba sai dai ta shiga gonar maƙwabci. Tayoyin mota ma haka suke, dole ta waje ta fi ta ciki gudu a kwana. To wani ɗan akwatin giya ne a tsakaninsu yake raba musu wannan adalci, shi bakanike ke ce wa dif. Halinsa ɗaya ne marar kyau: yana tura ƙarfi wurin tayar da ba ta aiki. Duk wadda ta ɗaga ko ta samu santsi, ita zai ɗura wa, kamar uwar da ta fi son malalacin ɗanta. Shi ya sa tarakta ke da abin takawa da ke kulle shi in ka kafe a laka, tayoyi su ja tare ka fita. Amma ka manta ka saki ka zo kwana, tarakta za ta wuce da kai kai tsaye ko kana karanta mata me.

A 'yan motocin nan dif biyu ne, gaba da baya, kowanne kamar murfin kwalba, da 'yan ƙananan haƙora a ciki. Ba su da abin takawa. Mai ake zuba musu, kaurin man shi ke riƙe su. In ya yi ruwa-ruwa, mota za ta shiga kwana da sauƙi amma ƙarfi ya zurare ta tayar ciki. In ya yi kauri, za ta fito daga kwana da ja amma ta yi taurin kai wurin shiga. Da na kwance tawa a gida na tarar ciki ƙaf, ko ɗigo babu, sai wani baƙin danƙo kamar na tsohuwar fitila.

Kuskuren da na yi a ranar farko shi ne na yi wannan bayani da ƙarfi a gaban Alhaji, don in nuna masa bambancin wanda ya riƙe sitiyari da wanda ya riƙe mudu. Ya saurara yana sakace, kamar ba ya ji. Ashe ya ji. Ya shiga wayarsa, ya nemo ainihin man da ake zubawa, wani mai na silikon, aka aiko masa daga Legas a motar dare, 'yan kwalabe kamar na maganin ido, kowacce da lambar kaurinta a jiki. Ya sa mai ɗan kauri a gaba, mai sauƙi a baya. Lahadin da ta biyo, motarsa ta zagaye babban rumbu kamar amarya na zagaya ɗakinta, ta fito ta miƙe, tawa na baya tana kururuwa da ƙafa ɗaya a sama.

Na ce, “Alhaji, ɗan ɗiga mini mana. Cokali ɗaya.”

Ya ce, “Wa ke magana? Ban ji an gaishe ni ba.”

“In gaishe ka? Ni da na ga ranar da aka yi maka kaciya?”

“To je ka zuba mata ranar kaciyar.”

Baba yana zaune a kan kututture yana jinmu. Ya ce ya gaji da mu, tun muna tsirara yake jin wannan magana, kuma ga abin da zai raba ta ya kawo kansa har gida. Ran Lahadi ta sama a yi tsere, zagaye goma, shi ne alƙali. Wanda aka kayar zai je har inda ɗan'uwansa yake, a gaban jama'a, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe. Kuma shi zai riƙa fara gaisuwa har kaka ta zagayo.

Na so in ce a ba ni lokaci in yi shawara. Sai na ji bakina ya riga ya ce, “Na yarda.” Bakin nan nawa ya sha yi mini haka.

A hanyar gida abin ya sauko mini. Ba wasa ba ne. In na durƙusa wa yaron nan sau ɗaya, to an gama, har jikokin da ba a haifa ba za a ba su labari. Kuma aiko da mai daga Legas ba zai iso kan lokaci ba, ko da na san inda ake nemansa, ban kuwa sani ba, kuma mutum ɗaya da zan tambaya shi ne Alhaji. Sai na ce, mai dai ai mai ne. Ƙasar nan da muke noma gyaɗa da auduga da riɗi, a ce mun rasa abin zubawa a murfin kwalba?

Na fara da man gyaɗa. Na share filin bayan injin niƙa, na kifa bokitai biyu a matsayin rumbuna. Man gyaɗa ya yi ruwa da yawa, kusan daidai yake da babu, kuma kafin gari ya waye ɓeraye sun zo sun gaida motar, sun ɗan ci gefen taya don tabarruki. Na koma baƙin man inji, shi ma bai riƙe komai ba, sai dai ya ɓata mini riga. Giris na keke ya yi kamar zai yi, amma da giyar ta juya sai ta watsa shi jikin bango ta bar tsakiya fayau. Na gwada zuma. Zuma ta riƙe, ban ɓoye ba, har na fara murna, sai dai da na ajiye motar na shiga salla na fito, na tarar tururuwar unguwarmu kaf sun yi mata layi, har da waɗanda ban san da su ba, ina jin daga Musawa aka yi musu waya.

Haushi ya sa na ce bari in yi irin ta tarakta, in kulle su gaba ɗaya. Na narka ƙaro na ɗura gaba da baya, na bari ya bushe. Jama'a, ban taɓa ganin tashi irin na ranar ba. Ina taɓa totur motar ta ɓace daga gabana. Da ta iso bokiti na murɗa mata sitiyari har ƙarshe, tayoyin gaba sun juya, ina gani da idona, amma motar ta ce ita ba ta san wannan zance ba. Ta wuce bokiti, ta wuce igiyar shanya, ta shiga ƙofar gida, ta ratsa tsakar gida, ta tsaya cikin kwanon wanke-wanke.

Mai ɗakina ta ɗago ta da yatsa biyu, kumfa na zuba. Ta ce, “Malam, wannan ce ta jikokin?”

Na ce, “Ita ce.”

“To ka gaya musu ta ci mini kofi biyu.”

A ranar ne, ina zaune ina ƙwaƙule ƙaro da tsinke, na ga tana shafa wa ƙafarta man kaɗe. Inna matar Baba ce ke yin sa, ita ke aiko mata a ɗan gwangwani. Rana ta yi, man ya yi laushi, ba ruwa ba, ba dutse ba, yana bin yatsa a hankali yana jan zare. Na ƙura masa ido har ta tsargu ta ja zane ta rufe ƙafar.

Na ce, “Ba ƙafar nake kallo ba.”

Ta ce, “Ai na sani. Da ƙafar ce da na yi mamaki.”

Na ɗebo. A gaba na cusa shi zalla. A baya na sirka da ɗan man gyaɗa don ya fi sauƙi, yadda na ga Alhaji ya yi da kwalabensa. Na ɗaure, na fita da ita bayan la'asar, ƙasa na tururin zafi.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Motar ta zama wata daban. In na saki totur a bakin kwana sai ta sunkuyar da hanci ta shige, in na matsa sai gaba ya jawo ta waje tayoyi huɗu na cizon ƙasa tare, ba ihu, ba kumburi. Na yi ta zagaya bokitai har batir ya mutu, na caja, na sake. Kullum bayan la'asar haka, har Asabar. Na fara tsara inda zan zauna ranar da Alhaji zai zo gaishe ni. Na yanke a ƙofar inji ran kasuwa, lokacin da layi ya fi tsawo, kuma zan sa a kashe injin don kowa ya ji.

Ran Asabar da yamma Baba ya aiko. Wai gobe da rana mata za su baza barkono a masussuka, da yamma kuma akwai gayyar sussukar dawa, don haka in muna son fili mu zo da sassafe kafin rana ta ɗaga. Na ce ko da asuba ne. Ko a jikina.

Kowace mace a ƙasar nan ta san man kaɗe da safe sai an murza shi a tafin hannu kafin ya shafu. Ni ma na sani, tun ina goye ake shafa mini shi. Amma a kaina ya riga ya tashi daga man shafawa ya koma kayan inji, kuma kayan inji ba ruwansu da safiya. Na ɗaure motar a bayan mashin ba ko buhu, na keta sanyin ƙarshen kaka da ita, iska na dukanta tun daga Malumfashi har gidan Baba.

Mun tarar da 'yan kallo. Inna da matan gidan sun fito da ƙoren barkono suna jiran mu gama, mazan da suka zo da wuri don gayya sun jingina da sandunan sussuka. Baba ya tara totuwar masara a gabansa, kashi biyu, duk wanda ya zagayo zai jefa masa ɗaya a gefe. Alhaji ya sha farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka tsaya a gindin ɗorawa, kowa da rimot, ba wanda ya kalli wani.

Baba ya ɗaga sanda ya sauke.

Tawa ta fita kamar an harba ta da gwafa. Kafin ta Alhaji ta gama tunani na ba ta ratar turmi uku. Na ji mata sun yi guɗa. Na buɗe baki zan ce wa Alhaji ya fara motsa gwiwa, sai ga babban rumbu. Na saki totur, na murɗa. Tayoyin gaba suka juya. Motar ta wuce kai tsaye.

Nan take na gane, kamar an watsa mini ruwan randa. Man ya daskare. Abin da ke cikin dif ɗina a lokacin sabulu ne, gaba da baya a kulle, ƙaro ya dawo da sabon suna. Motar ta ratsa ƙaiƙayi, ta bi ta ƙarƙashin akuya, ta daki zana. Akuyar ta yi tsalle irin wanda ban san awaki na yi ba.

Alhaji ya zagaye rumbu a natse, ya ce, “Bawa, in kasuwa za ta je, ba nan ce hanya ba.”

Na yi ribas na dawo. Zagaye na farko da na biyu ban tuƙa mota ba, jaki na kora. Kowace kwana sai na taka burki ta tsaya, in lallaɓa ta, in ba ta totur da ƙarfi bayanta ya zame ya watso ƙasa, sannan ta fuskanci inda nake so. Tsakanin turame kuwa sai da na daki na dama na daki na hagu, don kada wani ya ce an yi masa rashin adalci. A miƙe ina ramawa, a kwana ina zubarwa. Totuwar Alhaji ta fi tawa, kuma ya fara tuƙi da hannu ɗaya yana gyara hula da ɗayan.

Sai abu ya fara canjawa. Giya in tana aiki zafi take yi, ga kuma rana ta leƙo ta kan ɗorawa. Dif na baya ne ya fara saki, don shi ne kusa da injin, kuma shi ne mai sirkin man gyaɗa. Na zo ƙaramin rumbu na shirya yin kokawa, sai na ga motar ta juya da kanta, har ta kusa juyawa fiye da yadda na roƙa. Zagaye na gaba na gaban ma ya yi laushi. Motata ta bayan la'asar ta dawo.

Abin da ya biyo baya, ko yau na rufe ido ina ganinsa. Ta shiga babban rumbu tana shafar gindinsa, ta fito kamar an ja ta da igiya. Ta ratsa turame ba ta taɓa ko ɗaya ba. Mazan gayya suka bar sanduna suka matso. Wani ya ce, “Kai, ta warke!” Alhaji ya mayar da hannu na biyu kan rimot. Ina cin ratar nan kaɗan-kaɗan, kowace kwana ina gutsura, har na zo ina shaƙar ƙurarsa, har a bakin ƙaramin rumbu ya buɗe kaɗan na cusa hanci ta ciki na wuce shi. Na yi wata ƙara da ban san tana cikina ba. An ce har kare ya gudu.

Na ce, “Alhaji, shaddar nan za ta sha ƙasa!”

Gumi na bin wuyansa.

Da tseren ya ƙare a nan, da yanzu wani labari nake ba ku. Amma man kaɗe bai san tsayawa a tsakiya ba. Yadda ya tashi daga sabulu ya zo daidai, haka ya wuce daidai ya nufi ruwa. Man Alhaji kuwa na silikon ne, yadda ya fara haka yake, safe da rana duk ɗaya gare shi. Ana saura zagaye biyu na ji wata 'yar ƙara da na sani. Tayar ciki ta baya ta ɗaga, ta fara waƙarta. A kwana ta gaba ta gaban ma ta karɓa. Man ya narke ya tsiyaye ta gefen aksil, ƙarfen da ke juya taya, yana bin ƙafafun motar, ƙura na manne masa.

Inna ta ɗaga hanci ta shaƙa. Ta ce, “Wa ke toya man kaɗe da safen nan?”

Motar ta wuce ta gabanta, ta sake shaƙa, ta dube ni. “Kai, ɗan nan! Man da na aika wa matarka ne? Na ƙafa?”

Masussuka ta ɗauki dariya gaba ɗaya. Baba har sandarsa ta faɗi. Ni ba ni da lokacin dariya, ina fama. Na gane in na shiga kwana a hankali, ban matsa totur ba sai motar ta miƙe tayoyi huɗu sun zauna, ƙarfin ba ya zurarewa. Haka na riƙa lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ina tare hanya, Alhaji na bayana yana leƙe dama yana leƙe hagu. Na riƙe shi a babban rumbu. Na riƙe shi a turame. Saura ƙaramin rumbu kawai, sai miƙewa zuwa ɗorawa.

A nan haƙuri ya ƙare mini. Na ga ɗorawa, na ga ƙofar injina ran kasuwa, yatsana ya matse totur tun motar na tsakiyar kwana. Tayar ciki ta tashi sama ta kumbura ta yi kururuwa, motar ta tsaya tana rawa a wuri ɗaya. Ta Alhaji ta bi ta waje, a natse, ba ko gaggawa, ta wuce. Na biyo ta a miƙe kamar zan tashi sama, amma da tsawon mota guda ta riga ni. Baba ya jefa totuwar ƙarshe.

Ban yi gardama ba. Na duba ko akwai inda zan kama, babu.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa babbar rigata ta sallah na tafi Funtua. Tunda za a yi, a yi shi da kyau. Shagon Alhaji cike yake, manoma na zaune a kan buhunan taki, maƙwabtansa na kasuwa duk sun hallara, da alama an sanar. An ajiye masa kujera a bakin ƙofa, ya hakimce yana kaɗa ƙafa.

Na tsaya daga nesa na cire takalmi. Na tako a hankali, na tattare riga, na durƙusa har ƙasa, na dunƙule hannu.

Na ce, “Ranka ya daɗe.”

Na ɗauka zai fashe da dariya, ko ya sa a ɗauki hoto. Sai na ga ƙafar ta daina kaɗawa.

Na ci gaba. “Ranka ya daɗe, an wuni lafiya? Ya iyali? Ya kasuwa? Ya taki, ya maganin feshi? Ya mota? Ya dif na gaba? Ya na baya? Allah ya ƙara musu kauri.”

Mutane suka fara ƙyaƙyatawa, shi kuwa ko murmushi. Yana kallon furfurar kaina daga sama, abin da bai taɓa gani ba tunda aka haife shi. Ya duba hagu ya duba dama, ya gyara zama, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ni kuma ga wata sabuwa: na zo miƙewa gwiwa ta ƙi. Na yunƙura, ta ce ba yanzu ba. Na sake yunƙurawa na dafa buhu, buhun ya zame.

Sai ji na yi ya taso da sauri har kujera ta faɗi, ya kama ni ta hammata, yana cewa ƙasa-ƙasa, “Haba, tashi mana, Yaya, mutane na kallo.”

Na tsaya cak a hannunsa, rabi a sama rabi a ƙasa. Na ce, “Me ka ce?”

“Ban ce komai ba.”

“Jama'a, kun ji abin da ya kira ni?”

Wani dattijo a kan buhu ya ce, “Mun ji. Yaya ya ce.”

Alhaji ya ce, “Tari na yi!” Ya sake ni, na koma ƙasa daɓas.

Na cika alkawari, shekarar nan kaf ni na riƙa fara gaishe shi, a gidan suna, a tasha, har a waya. Kuma duk gaisuwar da na yi sai na ƙare ta da tambayar ya tarin nan nasa, ko an samu sauƙi.